HOTUNAN SALULA: KOWACE SHEKARA DA RUMBUNTA

A Kore Mairuwa da ƙauyukanta, salula mai ɗaukar hoto ta yawaita. Manomi yana ɗaukar hoton gonarshi ta hatsi ko ta gujiya. Magatakardan ƙungiya yana ɗaukar hoton takardar kuɗin taki. Uwa tana ɗaukar hoton takardar haihuwar ɗanta.

Amma ranar da anka nemi hoto guda cikin dubu, sai a rasa shi. Misali, dabbobi sun yi ɓarna a gona. An je gaban maigari. Mai gona yana da hoto, amma ya kasa samo shi, kuma bai riƙe ranar da abin ya faru ba. Maganarshi ta yi rauni.

Manomi ba ya zuba hatsin bana bisa na bara. Haka hoto yake son ajiya.

MINENE DOSIYE?

Dosiye jaka ce cikin kwamfuta ko salula, inda ake zuba hotuna. Salula tana tara nata duka cikin dosiye guda mai suna DCIM. Ita kanta tana liƙa wa kowane hoto rana da lokacin da anka ɗauke shi. Da wannan kwanan wata ake rabon hotuna.

YADDA AKE YI

1. A duba kwanan watan salula tun kafin a ɗauki hoto. In ta yi kuskure, hotunan duka za su ɗauki ranar ƙarya.

2. A kai salula ko katin ajiyarta wurin mai kwamfuta, a nan gari, ko a Tibiri, ko a Dogondutsi.

3. A buɗe babban dosiye na shekara: 2024. Shi ne rumbu.

4. Cikinshi a buɗe ƙananan dosiye. A fara rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, sannan abin da ke ciki. Misali: 2024-08-15 gonar gujiya. Wato 15 ga Agusta 2024.

5. Daga 1 zuwa 9, a sa sifiri a gaba: 01, 02, 03.

DON MI AKE FARAWA DA SHEKARA?

Kwamfuta tana jera sunaye daga hagu zuwa dama. In an fara da rana, hoton 15 ga Agusta 2024 zai zauna kusa da na 15 ga Janairu 2023, su cakuɗe. In an fara da shekara, kowane yana bin wanda ya riga shi. Wannan tsari ba na gari guda ba ne: hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta tsayar da shi tun 1988.

Masu gyaran hoto suna aiki da manhaja irin Lightroom. Lokacin shigar da hotuna, ana iya umartar ta ta raba su bisa kwanan wata da kanta. Bayan haka, kada a canza wa dosiye wuri ko suna ba tare da manhajar ba, don za ta rasa inda hotunan suke.

ABIN LURA

Hoton da anka aiko ta WhatsApp yakan zo ba tare da ranarshi ta asali ba. Ranar da ya iso ita ce ke cikin sunanshi. Sai a tambayi wanda ya aiko, a rubuta ranar gaskiya.

Kada a goge hoto daga salula sai an buɗe shi a kwamfuta, an gan shi da ido.

A ajiye hotuna masu muhimmanci wuri biyu. Salula tana ɓata, kati yana lalacewa. Takardar asali kuma a ci gaba da adana ta, don hoto ba ya maye gurbinta a ofis.

Wanda ya iya rubuta lambobi a makarantar yaƙi da jahilci ya iya wannan aiki. Ajiya maganin wata rana.