Ƙwaryar hura da akushin tuwo a kan hanyar Yamai zuwa Damagaram

Tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kusan kilomita 900 bisa hanyar ƙasa mai lamba 1. Motar fasinja takan kwashe yini guda cur kafin ta kai, tana tsayawa Doso, da Dogon Dutsi, da Birnin Ƙonni, da Madawa, da Maraɗi, da Tasawa. A kowace tasha abin da ke tarbon matafiyi kusan iri ɗaya ne: burodi da shayi, shinkafa da miyar tumatir, makaroni da soyayyen ƙwai. Wanda bai san ƙasar ba sai ya ɗauka da wannan cimaka jama'a suke rayuwa. Alhali kuwa abincin da ke riƙe da manomi da makiyayi yana can bayan darni, cikin gidaje, kuma tushensa hatsi ne. Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman hatsi, tare da Indiya, kuma a shekarar albarka abin da ake girbewa yakan zarce tan miliyan 3.

Daga ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, har zuwa Adar da Gobir, kalacin rana a karkara hura ce. Baƙon da ya sauka wani gida, kafin a tambaye shi labarin hanya, ƙwarya da ludayi ake ajiye masa. Sai dai mai shan hura ba kullum yake tuna wahalar da ke cikinta ba. Tun da asuba mace take ɗebo zangarniya daga damin da aka fitar a rumbu, ta sussuke, ta sheƙe, sa'an nan ta yayyafa ruwa ta surfa cikin turmi har dusa ta rabu da tsaba. Ta bakace, ta wanke. Dusar da ƙasarin kuma rabon bisashe ne, ba a zubar da su. Bayan hatsin ya sha iska sai daka, a sa citta da kanumfari da masoro, a tankaɗe, a mayar da tsakin cikin turmi, har gari ya yi laushi. A nan ne za a cura garin dunƙule-dunƙule, a jefa cikin tafasasshen ruwa, in ya nuna a kwashe a kirɓa shi da zafinsa. Kirɓi shi ne ke raba gwana da ƴar koyo, domin dawon da bai kirɓu ba gudaji yake yi cikin ƙwarya, kuma maigida yakan gane tun ludayin farko. Tiya guda ta hatsi, wato wajen kilo 2 da rabi, takan ci wa mace rabin yininta kafin ta zama abin sha.

Da damina, lokacin da shanu suka ƙoshi, ana dama ta da nono mai kauri wanda matan Fulani suke kawowa. Da bazara kuwa nono yakan yi wuya, sai a ƙara ruwa, a nemi tsami wajen garin ƴaƴan kuka ko tsamiya. Mai lura yana iya sanin halin da gida yake ciki daga kaurin hurarsa.

Bayan Ƙonni, wajen kilomita 420 daga Yamai, hanya tana ratsa Galmi, garin da albasa ta ɗauki sunansa. Albasar Galmi, mai launin shuni da yaji, tana tafiya cikin manyan motoci har Gana da Kodibuwa da Togo. Abin da ba ya tafiya nesa shi ne gabu, wato ganyen albasa da aka daka aka shanya, wanda uwargida take jefawa cikin miya lokacin da ɗanyar albasa ta yi tsada. Gaba kaɗan sai Madawa, inda mahauta suka yi suna wajen kilishi kamar takwarorinsu na Tasawa. Ana yanyana tsokar cinya ta yi fale-fale kamar takarda, a shanya ta bisa gadon kara, in ta bushe a tsoma ta cikin labu na tunkuzar gujiya da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a gasa bisa garwashi. Akwai ja, akwai fari, akwai kuma rumuzu wanda ba a sa masa labu, sai mai da gishiri da yaji. Kilishi dai tsaraba ce da guzuri. Ba shi ne ke ciyar da iyali ba, kuma talaka yakan yi watanni bai ɗanɗana shi ba.

A Maraɗi ganye ne ke da magana. Cikin fadamar Gulbi, musamman wajen Jiratawa, ana noman zogala gona-gona, ana yanka ana sake yanka, buhunanta suna kaiwa kasuwannin nesa. Da ita ake yin kwaɗo da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa suke kira kopto, da ita kuma ake turara dambun tsakin hatsi ko na masara, a zuba man gujiya da albasa. A da ana ganin ganye cimakar marasa hali ce. Farin 1973 da 1974, da na 1984 wanda mutane suka laƙaba wa suna El Buhari, su suka nuna darajarsa. A waɗannan shekaru iyalai da yawa sun rayu da tafasa da jiga da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Daga 1984 ne gwamnatin Janar Seyni Kunce ta dage ga noman rani, garake suka yawaita a bakin tabkuna da rijiyoyi, kabeji da salati da tumatir suka shiga tukunyar ƙauye.

Da dare kuwa, ko'ina a kan wannan hanya, tuwo ne. A yi talge, a bar shi ya dahu, a zuba gari a tuƙa da muciya, a rufe ya sulala, a kwashe da mara malmala-malmala cikin akushi. Miyar kuka ko ta busasshen guro ita ce ta kullum, kuma daɗinta yana ga daudawa. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, kamar mafi yawan ƙasar nan, mata suna yin daudawar batso da ƴaƴan yakuwa: a dafa, a rufe su ruɓa, a daka, a shanya. Warinta yana da ƙarfi, amma dunƙulen magi na kanti bai taɓa maye gurbinta ba wajen wanda ya saba. In an sami man shanu aka ɗiga bisa miyar, to an gama. Sauran tuwon kuma shi ne ɗumamen safe, wanda yake kai mai noma har hantsi bai nemi kome ba.

Wannan cimaka tana ja da baya a birane, kuma dalilin a fili yake. Shinkafa takan nuna cikin abin da bai kai awa guda ba, ba ta son surfe, ba ta cin itace da yawa. Matar da take aiki a asibiti ko makaranta ba ta da rabin yinin da za ta ba turmi, kuma ba adalci ba ne a ɗora mata laifin. Amma shinkafar da ake nomawa a bakin kogin Isa, cikin gandayen da hukumar ONAHA take kula da su tun kafa ta a 1978, ba ta kai rabin abin da ƙasa take ci ba. Sauran daga Asiya ake sayowa da kuɗin waje. An ga illar haka a 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe hanyar Kwatano: kuɗin buhun shinkafa ya yi tashin da ya girgiza masu albashi, yayin da mai rumbu a ƙauye, in dai damina ta yi masa kyau, bai rasa abin sa wa a tukunya ba. A wannan shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin hatsi da danginsa.

Saboda haka maganar ta koma ga rage wa mace wahala. Injin niƙa ya shiga garuruwa da yawa, ko da yake tsofaffi suna cewa garin inji bai kai na turmi daɗi ba. Ƙungiyoyin mata a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna sayar da busasshen garin hura da tsakin dambu cikin leda, wanda ma'aikaci zai iya dafawa cikin ɗan lokaci. Wajen iri kuma, cibiyar binciken noma ta INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da babbar tasha a Tarna kusa da Maraɗi, kuma irin hatsin HKP mai saurin nuna ya daɗe a hannun manoma. A 2018 aka fitar da wani iri mai suna Chakti, mai yawan sinadarin ƙarfe, domin yaƙar ƙarancin jini ga mata da yara.

A Damagaram, ƙarshen tafiyar, cimakar Hausawa tana haɗuwa da ta Barebari da ta Buzaye. Akwai burabusko na tsakin hatsi, akwai soyayyar fara da yaji wadda ake aunawa a kasuwa bayan kaka, akwai alkaki wanda ba a kai garar amarya ba tare da shi ba. Kukokin Mirya, gabas da birnin, su ke ba da ganyen miya. Wanda zai zarce arewa zuwa Tanut da Agadas kuwa, tukudi ake ɗaura masa: garin hatsi da aka daka tare da dabino da cuku da kayan yaji. Yana yin kwanaki cikin jaka bai lalace ba, kuma duk inda aka yada zango, ruwa kawai ake zuba masa a dama.