Fihirisar Matan da Aure Ya Kai Nesa: Gudummawa ga Binciken Nasaba a Ƙasar Zagga

Salsalar gidaje a Zagga, kamar ta sauran garuruwan masarautar Gwandu, ta maza ce: wane ɗan wane, har a kai ga kakan da ya kafa gida. 'Ya mace kuwa, da zarar an kai ta ɗakin miji a Illo ko Ka'oje, ko an ƙetara da ita Segbana ko Kandi a Jamhuriyar Benin, sai sunanta ya soma dusashewa, har jikoki su koma kiran ta "wadda aka kai Dendi". Amma haƙƙinta na shari'a yana nan daram. Idan mahaifinta ya rasu, ita ma ta bi shi kafin a raba gado, rabonta yana komawa ga magadanta, wato mas'alar munasakha a ilimin fara'ila. Haramcin aure ta nasaba ko shayarwa ma yana bin zuriyarta duk inda take.

Wahalar mai bincike a wannan yanki ta ninku. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Bargu gida biyu, sai dangi ɗaya suka faɗa ƙarƙashin tsarin rubutu biyu. A'ishatu 'yar Umaru ta ajami da boko ita ce Aïssatou Oumarou a takardar Faransanci. Sannan dokar iyali ta Benin ta 2004 ba ta san auren mace fiye da ɗaya ba, don haka matar biyu ko ta uku ba za ta fito a rajistar hukuma a matsayin mata ba, alhali aurenta ingantacce ne a addini. Ga kuma alkunya da laƙabi, waɗanda sukan binne sunan yanka a gidan miji.

Saboda haka fihirisar da za ta yi amfani ita ce wadda ta ajiye mace ƙarƙashin sunan mahaifinta da garin haihuwarta, daidai da umarnin aya ta 5 a Suratul Ahzab, domin miji da mazauni suna canzawa, uba kuwa ba ya canzawa. A ƙarƙashin wannan jigo ake jera sunan mahaifiya, mazajen da ta aura bi da bi, garuruwansu, 'ya'yanta da waɗanda ta shayar. Kowane laƙabi da kowane salon rubuta suna a ba shi gurbinsa, yana mai da mai karatu ga jigon. Magabata sun riga sun share wannan hanya: Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a 230 bayan Hijira, ya keɓe juzu'in ƙarshe na Ɗabaƙat ga mata, yana ambaton uba da uwa da miji da 'ya'ya.

Galibin aure a nan da baki aka ɗaura shi, gaban liman da waliyyai da shaidu. Wannan bai rage masa daraja a matsayin madogara ba, tun da Malikiyya sun karɓi shaidar ji a aure da shayarwa da gado, kamar yadda Ibn Asim ya kawo a Tuhfa. Sharaɗin mai fihirisa shi ne ya rubuta wanda ya faɗa, da dangantakarsa da matar, da ranar da aka ji, ya kuma bambanta labarin da ya yaɗu da na mutum ɗaya. Gwaggo da inna, waɗanda suka raka amarya da ƙafarsu, sun fi kundin kotun shari'a sanin inda aka kai ta, kuma da su ya kamata a fara tun suna raye.