Kyanwa Ba Najasa Ba Ce, Amma Me Take Kwasowa Daga Juji?

 

Wani magidanci ya tare ni da tambaya bayan sallar Isha'i. Ya ji likitoci suna cewa kyanwoyin da ke yawo a unguwa suna ɗauke da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, alhali shi tun yana yaro aka karantar da shi cewa kyanwa mai tsarki ce. Wace magana zai riƙa? Daga yadda yake zancen na fahimci har ya fara tunanin zuba musu guba.

Maganganun biyu ba su ci karo da juna ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada, Allah Ya yarda da shi, ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha. Da surukarsa Kabsha ta yi mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya kore najasa daga kyanwa, domin tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Wannan hukunci ne na ibada: ruwan da ta sha ya halatta a yi alwala da shi. Ma'aunin ruwa a mazhabarmu shi ne launi da ɗanɗano da ƙamshi, ita kuwa ƙwayar cuta tana iya cika randa ba tare da ta canza ko ɗaya daga cikin ukun ba. Saboda haka ruwa yana iya inganta salla, kuma ya kwantar da yaro a asibiti.

Malamanmu ma ba su saki maganar haka nan ba. A Muhtasar na Shehu Halil an bayyana cewa idan aka ga najasa a bakin dabba lokacin da take sha, to da abin da aka gani za a yi hukunci. Fitsarin kyanwa da kashinta kuwa najasa ne a wurin Malikiyya. A nan fiƙihu da likitanci suka haɗu, domin ƙwayoyin da ake tsoro, irin su E. coli da Salmonella, a hanji suke zaune, ta kashi suke fita. Kyanwa ta tona ƙasar tsakar gida ta binne kashinta, ta lashe jikinta, ta sa baki a kwanon da aka bari a buɗe. Jariri mai rarrafe ya zo ya damƙi ƙasar nan ya kai baki.

To ina kyanwa ta samo ƙwayar da ta gagari magani? Kyanwar titi ba ta taɓa shiga kemis ba. Mu ne muke shiga. Mutum ya ji mura, wadda waɗannan magunguna ba sa yi mata komai, ya sayi kafso huɗu na amoksisilin ba tare da ganin likita ba, ya sha biyu, ya ajiye sauran don gaba. Ƙwayoyin da suka fi rauni su mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Mai kiwon kaji ya zuba tetirasaikilin a ruwan kajinsa ko ba su da ciwo. Daga nan komai ya gangara kwata da juji: ƙunzugun jarirai, hanjin kaji, sharar mahauta, wani lokaci har da ta asibiti. Can kyanwa take kalaci, ta dawo mana da abin da muka zubar.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina asara. Kyanwa ƙaramar hanya ce a cikin wannan musiba. Hannun da ba a wanke ba da maganin da aka sha barkatai sun fi ta ɓarna nesa ba kusa ba.

Shi ya sa na ce wa mai tambayata ya janye batun guba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ina ga wanda ya kashe su da gangan? Ballantana in kyanwoyi suka ƙare, ɓeraye ne za su gaji gidan, kuma a ƙasar da zazzaɓin Lassa yake kashe mutane duk shekara, wannan musaya ce ta asara.

Na tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da dare, don haka randa da tukunyar miya su kwana a rufe. In zai ciyar da kyanwa, kuma akwai lada a ciki, ya ware mata kwanonta a wajen madafa, kada ya jefa mata ɗanyen hanjin kaza. A kwashe kashinta daga inda yara suke wasa, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Cizo ko yaƙushin da ya fasa fata a wanke shi nan take da ruwa da sabulu, a tafi asibiti ba kemis ba, domin kyanwa ma tana iya ɗaukar ciwon haukan kare. Sauran kafson da ya ce min suna nan ajiye a kan durowar uwargidansa tun damina, na roƙe shi kada a sake bai wa kowa sai da izinin likita.

Allah ne Mafi sani.