TARAKTA GWANJON SOJA: A DUBA ROBA DA MAI KAFIN A TA DA INJI

A wannan wata za mu yi bayani ne a kan wata irin tarakta da aka ƙera wa sojoji, daga baya suka sayar da ita gwanjo. Ko da ba ku taɓa ganin irinta ba, ku daure ku karanta. Ciwon da ke kama ta shi ne ke kama taraktar ƙungiyarku, wadda ke ɗaga garma da ƙarfin mai.

Daga ina ta fito?

Sunan motar Unimog. A ƙasar Jamus aka ƙago ta, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wani injiniya mai suna Albert Friedrich ne ya tsara ta, aka gwada ta farko a 1946. Don manoma aka yi ta. Har faɗin da ke tsakanin tayoyinta an auna shi daidai da kunya biyu ta dankalin Turawa. A 1951 kamfanin Daimler-Benz, masu yin Marsandi, ya karɓi aikin ƙera ta. Da sojoji suka ga tana shiga taɓo da yashi ta fita lafiya, sai su ma suka shiga saye.

Daga 1986 zuwa 1991 an ƙera wa sojojin Amurka fiye da guda 2,000 na wani samfurinta da suke kira SEE. Tana da bokitin kwasar ƙasa a gaba, da hannun haƙa rami a baya. Da suka gama yayinta, sai suka riƙa sayar da ita gwanjo. Manoma da 'yan kwangila na can suka saya.

To, ga inda mai saye yake ruɗuwa. A jikin motar akwai agogon da ke ƙirga awoyin da inji ya yi yana aiki. Kayan soja sukan daɗe a ajiye, don haka agogon yakan nuna awoyi kaɗan. Mutum ya gani, ya ce ya tsinci sabuwa. Ba sabuwa ba ce. Ko autarsu ta haura shekara 30. Ƙarfe yana jure zama, amma roba ba ta jurewa. Ku tuna da danƙon harbin tsuntsu. In yaro ya ajiye shi shekara guda, ranar da ya ja shi sai ya tsinke. Haka tiyo da robobin tarakta suke. Wannan magana ta shafi kowace tarakta da ta daɗe a kafe, ko ta soja ce ko ta ma'aikatar gona.

Yadda mai yake ɗaga kaya

Makanikai suna kiran wannan tsari haidurolik. Akwai tanki mai ɗauke da mai na musamman. Inji yana juya famfo, famfo ya tura man cikin tiyo da ƙarfi. In direba ya ja liba, sai hanya ta buɗe, mai ya shiga silinda. Silinda bututun ƙarfe ne mai sanda a ciki. Mai ya tura sandar, sanda ta ɗaga bokiti ko garma. A bakin silinda da cikinta akwai zoben roba da ake kira sil. Shi ke hana mai zurarewa.

Sassan cikin famfo suna kusa da juna ƙwarai, sararin da ke tsakaninsu ɗan ƙanƙane ne. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga, sai ta yi ta kartar ƙarfe tana zagayawa. Saboda haka manyan abokan gaba biyu ne: ƙura da ruwa. Mu kuwa ƙura ba baƙuwarmu ba ce, balle a lokacin hunturu.

Kafin a murza makulli

Kada a yi gaggawar ta da inji don a ji kukansa. A fara buɗe tankin haidurolik, a ɗibi mai kaɗan a kwalba mai tsabta, a ɗaga shi a hasken rana. Mai lafiyayye garau yake. In ya yi fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. Ko wanne ne, a juye shi duka, a canza filta, a zuba sabo. A zuba irin wanda littafin motar ya faɗa. Kada a zuba man birki a tankin haidurolik, kada kuma a zuba na haidurolik a wurin man birki. Kowanne yana lalata robar ɗan'uwansa.

Daga nan a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, inji yana kashe. Wanda ya tsattsage, ko ya kumbura, ko wayar cikinsa ta leƙo, a cire shi. A duba sandunan silinda. Ya kamata su yi sulɓi suna ƙyalli. Sandar da ta yi tsatsa tana yanka sil duk lokacin da ta shiga ta fita. A kuma zubar da tsohon man gas na tanki, domin ruwa da dauɗa sukan kwanta a ƙasansa.

Taya ma roba ce. Ga wani abu da mai karatu zai iya yi da kansa. A gefen taya akan buga lambobi huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2015. Daga shekarar 2000 aka soma rubuta haka. Taya tana iya zama da zanenta cif, alhali ta bushe ta gama.

Kukan tarakta magana ce

In famfo yana kuka mai tsini, mai ne bai ishe shi ba. Ko dai ya yi ƙasa a tanki, ko filta ta toshe, ko iska tana shiga ta wata kafa. In iska ce, za a ga kumfa a kan mai. A kashe inji nan take. Famfon da aka bari yana aiki da ƙishirwa ba ya daɗewa, kuma kuɗinsa ya ninka na filta nesa ba kusa ba. In bokiti yana tashi a hankali, a fara da duba mai da filta tukuna, kafin a zargi famfo. In kuwa an ɗaga shi yana sauka da kansa sannu-sannu, galibi sil ɗin cikin silinda ne ya ci, ko bawul yana zurarwa.

A nan ne ake rasa hannu

Wannan sashe a karanta wa direba da yaran mota, a maimaita musu. Ƙarfin man da ke cikin tiyo ya ninka na iskar tayar ƙaramar mota sau 70 ko fiye. In tiyo ya huje kamar bakin allura, mai yana fita siriri, ido ba ya ganinsa sosai. Wanda ya shafa da hannu don ya gano wurin yoyo, man zai huda fatarsa ya shige cikin nama. A waje sai ka ga ɗan tabo kamar sukar ƙaya. A ciki kuwa nama yana mutuwa. Wanda haka ta same shi a kai shi babban asibiti a take, a gaya wa likita cewa man inji ne ya shiga. Aikin tiyata ne. Kada a tsaya shafa magani a gida, kada a bari sai gobe. Jinkiri yana jawo yanke yatsa, ko hannu gaba ɗaya. Mai neman yoyo ya kara guntun kwali a jikin tiyo, ya janye hannunsa nesa.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a sauke bokiti da hannun haƙa har ƙasa. A kashe inji. A motsa kowace liba gaba da baya, don ƙarfin da ya rage ya fita. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin bokitin da mai kaɗai ke riƙe da shi. In aiki ya tilasta, a tokare shi da ƙarfe mai kauri. Mun sha ganin yara suna fakewa a inuwar garmar da aka bari a sama. Direba, laifinka ne in ka bar ta haka.

Tiyon da ya fashe ba a ɗaure shi da robar tayar keke, ba a yi masa faci. Sabo ake yi. A tafi da tsohon wurin masu matse tiyo, su auna tsawonsa da bakinsa. Wannan ya zama dole a kan SEE, domin jikin motar na Jamus ne, hannun haƙa kuwa na kamfanin Case na Amurka. Bakin tiyo iri-iri ne, kuma wanda aka ɗaura da ƙarfin tsiya yoyo zai yi. Kafin a kwance a goge wurin tas. Bayan an kwance a toshe ramin da tsumma mai tsabta a cikin leda, don kada ƙura ta shiga.

Wuraren da ake mantawa

Unimog tana da ɗan akwatin giya a bayan kowace taya. Shi ya sa cikinta ya yi nesa da ƙasa. Kowane akwati da mansa, kuma man ba shi da yawa. In ya tsiyaye ba a sani ba, haƙoran giya sun tafi. A riƙa duba duka huɗun. Birkinta yana aiki da taimakon iska, don haka kullum a buɗe ƙasan tankin iska ruwa ya fita. Wutar SEE bolt 24 ce, wato batir biyu masu 12 a haɗe. Kada a sa mata fitila ko wani kayan wuta mai 12. Nauyinta ya haura tan 7, kuma tana da tsayi, ga hannun haƙa a goye. A gefen gangare ko a kwana da gudu tana iya kifewa.

In aiki ya ƙare za a ajiye tarakta, a sauke komai ƙasa, a mai da sandunan silinda ciki. Wadda ta rage a waje a shafa mata giris. A riƙa ta da inji lokaci-lokaci ana motsa libobi, don mai ya jiƙa robobi. Sakataren ƙungiya ya tanadi littafi guda. Duk ranar da aka canza mai, ko filta, ko tiyo, ya rubuta kwanan wata da lambar da agogon awa ya nuna.