Birnin Yauri: Zinariya a Ƙasa, Jama'a Ba Lissafi

Mutumin Birnin Kebbi ko Argungu, in an ce arziki, shinkafar fadama da kifi yake tunawa, domin kwarin Rima laka ce da yashi. Sai an gangara kudancin jihar, inda tsofaffin duwatsu suka fito fili, ake samun zinariya. A can Birnin Yauri take, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kusa da kogin Kwara. Ita ce tsohuwar fadar Yauri, kafin sarauta ta koma Yelwa a 1888. Noma da fatauci ne suka kafa ta, tsakanin Hausawa da Gungawa da Kambari. Turawa sun haƙi zinariya a arewa a shekarun 1930, suka watsar lokacin yaƙin duniya na biyu, masu diga da shebur suka gaji ramukan.

Matsalar garin haƙar ma'adinai ita ce jama'arsa ba sa tsayawa a ƙirga su. Rabon Nijeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu mutum kusan dubu 125 a Ngaski baki ɗaya. Da an ji labarin sabon rami, sai matasa su kwararo daga Zamfara da Neja, masu abinci da dillalai su biyo baya, alhali asibiti da rijiyoyi na nan yadda aka tsara su don 'yan gari kawai. Hukumar da ta san nauyin zinariyar da ke fita ya kamata ta san yawan masu haƙo ta.

Wani zai ce ai gwamnati ta shigo: a Yulin 2020 an miƙa wa Shugaba Buhari curin zinariya mai kilo 12.5 ƙarƙashin shirin PAGMI na ƙananan masu haƙar zinariya, wanda Kebbi ta kasance cikin jihohin gwajinsa, Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268. Gaskiya ne, amma wannan ciniki ne, bai gina ɗakin haihuwa ba. Wani kuma zai ce baƙi ne, gobe za su tashi, to me za a ƙirga? Zamfara ta ba da amsa a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda a tsakar gida ake niƙa dutsen zinariya. Ƙurar ta zauna cikin ƙasar gidajen, har sai da aka kankare ta, kuma aikin bai kai ƙauyen Bagega ba sai 2013.