Me Ya Sa Muke Tsinke Furen Mangwaro?

Da hunturun nan muka shiga wani ƙauye domin duba itatuwan da 'yan ƙungiya suka dasa. A bayan gidan wani dattijon ikilisiya muka tarar da mangwaro mai aure guda shida. Shekararsu ɗaya da rabi, ko kafaɗar mutum ba su kai ba, amma biyu sun yi fure fal. Yara sun kewaye su suna ta murna. Da muka ce a tsinke furen, sai uwargida ta riƙe baki. Ta ce, "Haba Malam! Tun bara muke ɗauko ruwa daga rafi muna ba su. Yau Allah ya ba mu, ka ce mu zubar?"

Ba mu ga laifinta ba, gama ita da 'ya'yanta mata suka sha wahalar tulu duk rani.

Ga dalilin. Reshen da aka aura daga babban itace aka yanko shi, domin haka yana gaggawar fure kamar uwarsa, alhali saiwar da ke ƙasa jaririya ce. In aka bar shi ya ɗauki 'ya'ya yanzu, ƙarfin da zai tafi ga saiwa da rassa sai ya ƙare a kan mangwaro huɗu ko biyar. Itacen ya tsumbure, wani lokaci ma reshen ya karye. In aka tsinke furen shekara biyu na farko, daga ta uku ko ta huɗu sai a fara ci, jikoki ma su tarar da shi.

Da dare, wajen addu'ar iyali, maigida ya ce mu buɗe Littafi. Muka buɗe Littafin Firistoci sura 19, daga aya 23. A can Ubangiji ya umarci Isra'ilawa kada su ci 'ya'yan sabon itace har shekara uku. Na shekara ta huɗu nasa ne, a ta biyar su ci. Dattijon ya yi dariya, ya ce ashe malaman gona sun fi Musa sauƙi.

'Yan'uwa, jira ba zaman banza ba ne. Mai jiran mangwaro yana gyara shinge saboda awaki, yana zuba taki, yana lura da gara, yana cire tsiron da ya fito ƙarƙashin wurin auren. Haka yake da jiran Ubangiji. Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran da alkawari, yana da 100 aka haifi Ishaku. A tsakani shi da Saratu suka gaji, suka nemi gajeriyar hanya ta wurin Hajaratu, gidan kuwa bai ƙara zama lafiya ba sai da aka rabu. Mu ma mun san irin wannan. Akan sayar da masara tun tana sabuwa da arha, a zo a saye ta da tsada cikin Agusta. Akan yi shuka a ruwan farko, iri ya ƙone. Mu masu wannan magana ma mun taɓa yi, sai da muka yi aron iri a wurin suruki.

Yaro ba ya koyon haƙuri daga wa'azi kaɗai. Shawararmu ita ce kowane yaro a gida a ba shi itace guda, ya zama nasa. Shi zai ba shi ruwa sau biyu a mako da rani, shi kuma zai tsinke furen da hannunsa, uba yana tsaye yana gaya masa dalili. A addu'ar dare a riƙa ambaton abin da gidan yake jira da sunansa, ko ruwa ne, ko haihuwa, ko ɗan da ya tafi birni bai aiko ba.

Da safe uwargida ta yarda aka tsinke na itace ɗaya. Ɗayan kuwa ta ce atafau ba mai taɓa shi. Muka ƙyale ta. Mun auna tsawon su biyu da igiya, muka ƙulla alama, muka ba babbar 'yarta ajiya. In Allah ya kai mu kaka za mu koma mu sāke aunawa a gaban 'yan ƙungiya.