Yadda ɗalibin Sharada, Challawa da Bompai zai tsara karatunsa a gida

Duk wanda ya tashi a Ja'en ko Sabuwar Gandu kusa da Sharada, ko Panshekara a gefen Challawa, ko Dakata da Tudun Murtala a bayan Bompai, ya san irin rayuwar unguwannin ma'aikata. Tireloli ba sa daina wucewa, injinan masana'antun roba da na jimar fata suna ruri, wuta kuma ta zo ta tafi. A gidaje da yawa baba ko yaya yana aikin dare, ya dawo da safe a gajiye, babu mai tambayar yaro ko an ba shi aikin gida. Wasu ɗaliban ma su da kansu suna zuwa aikin lada bayan an tashi daga makaranta domin su sami kuɗin littafi da na adaidaita sahu.

Amma jarrabawa ba ta tambayar unguwar da mutum ya fito. Ɗan Panshekara da ɗan Nassarawa GRA takarda ɗaya WAEC da NECO za su miƙa musu. Kafin ka shiga jami'a sai ka sami kiredit 5, ciki har da Turanci da Lissafi, sannan ka fuskanci JAMB a gaban kwamfuta: darussa 4, maki 400. Ɗaliban makarantun gwamnati a Kano kuma suna da jarrabawar kwalifayin a aji 2 na babbar sakandare, wadda ake duba sakamakonta kafin a biya wa ɗalibi kuɗin NECO. Ga gidan da albashin ma'aikaci ɗaya ke ciyar da mutum goma, faɗuwa wannan jarrabawa na iya zama ƙarshen karatu. Shi ya sa, ƙannena, maganar nan ba ta wasa ba ce.

Ka zama mai shiga aiki a kan lokaci

Ka lura da ma'aikatan kamfani. Ba sa jira sai sun ji sha'awar aiki kafin su tafi. Lokaci na yi sai su kama hanya. Haka za ka ɗauki karatunka. Ka ware lokaci guda da ba ya canzawa, ko da awa 1 ce a rana. Ga yawancinmu lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba: gari shiru, ƙwaƙwalwa ta huta, kuma nan da nan haske zai fito ba sai ka jira wutar KEDCO ba. Da sanyin safiya ake kama fara. Idan makarantarka ta safe ce kuma kana zuwa Islamiyya da yamma, ka yi aikin gida tsakanin Azahar da La'asar tun darasin bai huce ba. Idan ta rana ce, to hantsi naka ne.

Ka raba lokacin gida-gida. Wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ya fito da dabarar yin karatu na minti 25, a huta minti 5, a sake komawa. Zama 2 ko 3 irin wannan da hankali a tattare ya fi awa 3 ana kallon littafi zuciya na wajen ƙwallo. Kafin ka fara, ka miƙa wa umma wayarka ta ajiye. Saƙon WhatsApp da bidiyon TikTok ba za su gudu ba.

Abin da allo ya koya mana

Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a lokuta daban-daban ce ke rage ta. Malaman tsangaya sun daɗe da sanin haka. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya ba tare da dubawa ba, kuma kullum yana tilawar baya. Ka yi wa Kimiyya da Lissafi haka: abin da aka koyar yau ka duba shi yau, ka waiwaye shi bayan kwana 2, ka sake bayan mako 1.

Kuma dubawa kaɗai ba ta isa ba. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gano cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa tunawa bayan mako guda. Saboda haka idan ka gama shafi, rufe littafin, ka rubuta abin da ka riƙe, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB da ake sayarwa a shagunan littattafai suna da amfani sosai a nan, in dai ka amsa kafin ka leƙa amsa.

Kwafar aikin gida yaudarar kai ce

Mun san abin da ke faruwa da sassafe a bayan aji: littafi ɗaya, mutum goma suna kwafa. Malami zai ba ka maki, amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Aikin gida shi ne wurin da za ka gane abin da ba ka gane ba tun da sauran lokaci. Gara ka kai amsar da ka yi da kanka ko da ba daidai ba ce, ka ce, "Malam, a nan na maƙale." Haka ma ɗauko amsa daga intanet ba tare da fahimta ba, duk kanwar ja ce.

Idan gida babu wuri

Ɗaki ɗaya, ƙanne suna guje-guje, yaya yana barcin gajiya. Mafita tana nan. Ku haɗu ku 3 ko 4 a zauren wani, ko a ajin Islamiyya idan an ba ku izini, kowa ya ɗauki darasi ya koyar da sauran. Wanda ya iya bayyana abu da bakinsa shi ya fahimce shi. 'Yan mata da aikin gida ke cin lokacinsu su nemi umma ta raba aikin tsakanin kowa, maza da mata, musamman idan jarrabawa ta matso. Ranar da babu makaranta ana iya zuwa Ɗakin Karatu na Murtala Muhammed. Ƙaramar fitila mai caji da hasken rana kuma tana maganin ɗaukewar wuta.

Kada ka sayar da barcinka. Likitoci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya. Kwana a zaune daren jarrabawa ba ya maye gurbin karatun zango guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masana'antun da ke kewaye da mu suna buƙatar injiniyoyi da akantoci da masana sinadarai, ba masu ɗaukar kaya kaɗai ba. Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna nan cikin garinmu. Yau da dare ka yage takarda ɗaya, ka rubuta jadawalin mako, ka manna a bango inda umma za ta gani, gobe da Asuba ka fara. Allah Ya ba da sa'a.